Layin Shawara A Gusau: Yaya Za A Ɓoye Masu Ɗaukar Kira?

Hajiya Rabi (Gusau):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masana harkar waya na wannan zaure ce. Ƙungiyar mata a nan Gusau za ta buɗe layin da mata za su riƙa kira don neman shawara kan lafiya, da rikicin gidan aure, da yaran da aka ci wa zarafi. Mata shida ne za su riƙa karɓar kira bi da bi. Sharaɗin da suka kafa ɗaya ne: kada mai kira, ko mijinta, ko wani nata ya gano wace ce ta ɗauka, balle ya san gidanta. An ba da shawarar a sayi layi ɗaya a riƙa karkatar da kiransa zuwa wayar wadda ke bakin aiki, da dare kuma a bar shi ya faɗa akwatin saƙon murya. Wannan ya isa, ko da sauran aiki?

Injiniya Bashar:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin a zaɓi hanya, a fara sanin wa ake ɓoye wa. Kamfanin waya dai ba a ɓoye masa komai. Tun Disamba 2020 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba da umarnin haɗa kowane layi da NIN, duk layin da ke aiki akwai sunan mutum a bayansa, kuma kamfani na ganin lambar shaida (IMEI) ta wayar da aka sa sim ɗin a ciki da turken sabis da ta kama. Wanda za ku iya ɓoye wa shi ne mai kira da duk wanda ya tsinci lambar a wayarta, kuma shi ne ainihin wanda kuke tsoro.

Karkatar da kira yana aiki, ga lambobinsa, iri ɗaya ne a MTN da Airtel da Glo domin tsarin GSM ne. Daga wayar da sim ɗin ƙungiya ke ciki a danna **21*lambar mai aiki# a tura, duk kira zai wuce can kai tsaye. **61* na wanda ba a ɗauka ba ne, **62* na lokacin da waya ke kashe ko babu sabis, **67* na lokacin da ake kan wani kiran. ##002# ke soke su gaba ɗaya. Mai kira za ta ci gaba da ganin lambar da ta danna, kuɗin kiran daga layin ƙungiya zuwa wayar mai aiki kuwa daga katin layin ƙungiya ake cirewa, don haka in kati ya ƙare kira ya daina wucewa ba tare da kowa ya sani ba.

Amma ni ban ba ku shawarar wannan hanyar ba in dai zuwa layin da mace ke harkokinta da shi za a karkatar. Da zarar kira ya sauka a layinta, duk abin da ke kan layin nata ya shafi mai kira. In ta sa waƙa ko karatun da mai kira ke ji kafin a ɗauka, ana iya jin sa, kuma mutanen da suka saba kiranta sun san shi. In ba ta ɗauka ba, kiran na iya faɗawa akwatin saƙonta na kanta, inda ko dai muryarta ce ke faɗin sunanta, ko na'ura ta karanto lambarta ɗaya bayan ɗaya. Wasu layukan kuma suna tura wa wanda ya kira saƙon cewa lamba kaza ta dawo kan sabis. Mafi yawan faruwa kuma: kira ya katse, tana ganin lambar mai kiran a fuskar wayarta, tausayi ya sa ta danna ta mayar da kira. Daga nan lambarta ta gida ta zauna a wayar wancan gidan.

Malam Nura Mai Waya (Ƙauran Namoda):
Injiniya ya gama magana. Wanga na ƙarshe shi ne babba, kuma ko sim biyu anka sa cikin waya guda ba a tsira ba. Tecno da Itel da Infinix da mutanenmu ka riƙewa, in an saita su kan sim na ɗaya, to da shi za su mayar da kira ko su tura saƙo, mutum bai lura ba sai bayan ta yi ƙara. Hajiya, ku sai ƙaramar waya mai madannai wadda ba ta hawa intanet, sim guda, don wanga aiki kaɗai. Kar a aje sunan kowa cikinta, kar a sa katin memori, kar wani ya ce bari in sa sim ɗina in yi kira ɗaya. Batirinta shina kwana uku ko huɗu, ba sai an kai ta wurin mai caji ba. In kuwa anka kai ta wurin mai caji a kasuwa, minti guda ya isa a zare sim a sa a wata waya a kira wata lamba, ko a karanta saƙonnin ciki.

Hajiya Rabi (Gusau):
To Malam Nura, mata shida, waya ɗaya. Kullum sai an yi ta yawo da ita gida gida kenan? Ai ɗan acaɓan da ke kai ta ma ya san gidajen duka.

Injiniya Bashar:
Gaskiyarki Hajiya. Hanya biyu ce. Ko wayar ta zauna a ofis, mai aiki ta je can ta zauna awanninta, wanda shi ya fi tsaro. Ko a sayi ƙananan wayoyi biyu ko uku, kowace da sabon layinta na aiki, sai babban layin da aka tallata ya zauna a ofis ana karkatar da shi zuwa gare su. A nan karkatarwa ba ta da illa sosai, domin ko lambar ta fita, lambar aiki ce da ba ta haɗu da sunan kowa ba, ana iya jefar da ita a sake wata. Sai dai a kan waɗannan ƙananan layukan a danna ##002# tun ranar farko, a cire waƙar kira, a kira 300, layin kula da masu hulɗa na kamfanin waya, a ce a kashe akwatin saƙo da saƙon sanar da wanda ya kira. Sa'an nan a gwada da wata waya sau huɗu: wayar aiki a kunne ba a ɗauka ba, a kashe, tana kan wani kiran, da kuma an katse da gangan. A saurari abin da mai kira ke ji a kowanne, a jira rabin awa a ga ko wani saƙo zai shigo. A maimaita gwajin daga layin wani kamfani daban, domin ba lallai su yi abu ɗaya ba.

A kula, canza karkatarwa sai daga wayar da babban sim ke ciki, don haka dole a sami mutum ɗaya a ofis da zai riƙa danna lambar a farkon kowane zango, ya tabbatar da *#21# cewa ta hau.

Sadiq:
Ni a ganina duk wannan dogon zance ne. Akwai masu sayar da sim da an riga an yi masa rajista. A sayi irinsa, sunan wani can daban ne a kai, shi ke nan an huta.

Barista Hauwa:
Ƙanena Sadiq, wannan shawara kada a kusance ta. Sayarwa da amfani da sim da aka yi wa rajista da sunan wani haramun ne a ƙa'idar NCC, kuma a Zamfara ka fi kowa sanin irin mutanen da ake alaƙantawa da irin waɗannan layukan. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawun layin saboda wani laifin da mai NIN ɗin ya yi, a hannun mata masu aikin alheri za a same shi. Bayan haka mai NIN ɗin na iya zuwa ofishin kamfani ya ce sim ɗinsa ya ɓata a ba shi sabo, daga ranar duk kiran matan da ke kuka wayarsa zai riƙa shiga.

Hanyar da doka ta tanada ita ce rajistar layi da sunan ƙungiya. In ƙungiyar tana da takardar rajista ta hukumar CAC, a je babban ofishin kamfanin waya da ita, ba wurin masu lema na bakin titi ba, tare da wakilin da ƙungiya ta naɗa a rubuce da NIN ɗinsa. Wakilin ya zama wanda dama an san shi da ƙungiyar, kamar shugaba ko sakatare, ba ɗaya daga cikin masu ɗaukar kira ba. A tambaye su a wurin ko za su nemi bayanin masu amfani da kowane layi, don a san abin da aka shiga.

Kuma a gaya wa matan gaskiya tun farko. Sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan kira da na masu layi har shekara biyu, kuma hukuma na iya neman su ta hanyar doka. Kada a yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunku.

Aminu Tsafe:
Barista Allah ya ƙara basira. Ni bari in taɓo inda sunaye ke zubewa ba tare da kamfanin waya ya sa hannu ba, don nan ne mai neman mutum ke fara dubawa, kuma kyauta ne.

Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai lamba, ba daga rajistar sim yake samo suna ba. Daga jerin sunayen wayoyin mutanen da suka sa manhajar yake kwasowa. Ke ba ki taɓa sauke shi ba, amma ƙawarki da ke da shi ta ajiye sabon layin da "Hadiza layin mata", to haka duniya za ta gani. Getcontact ya fi muni, don shi yana jero sunaye daban daban da mutane suka ajiye lamba da su, har da na unguwa da na miji. Don haka ƙa'ida ta farko: babu wanda zai ajiye lambobin aiki da sunan mutum, ko shugaba ce. A rubuta sunan ƙungiya ko "Layi na 2". Akwai shafin cire lamba a gidan yanar Truecaller, ana sa lambar da +234 a gaba, yana ɗaukar kamar kwana ɗaya kafin ta ɓace, in kuma an taɓa buɗe asusu da ita sai an rufe shi tukuna. A riƙa dubawa duk wata daga wayar wani.

Na biyu mutane da yawa ba sa tunawa da shi. A OPay da PalmPay lambar wayarka ita ce lambar asusunka in an cire sifilin farko. Duk wanda ya sami lambar mace, ya shiga kamar zai tura mata naira ɗari, cikakken sunanta na BVN zai fito masa kafin ya tura ko sisi. Saboda haka layin aiki ba a buɗe asusun kuɗi da shi, ba a ba banki shi, ba a buɗe Facebook ko TikTok da shi. A Afrilu 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 a intanet, lambar waya haɗe da suna, kuma da 'yan Najeriya a ciki. Abin da ya fita irin haka ba ya komawa. Wannan ma wani dalili ne na ƙin amfani da tsohon layin kowa, komai yadda aka goge shi.

Anti Luba (Talatar Mafara):
Duk abin da kuka lissafa na na'ura ne, ni kuma abin da ya fi damuna murya ce. A gari irin namu in mace ta yi sallama sau ɗaya, wata ta ce ai wannan muryar matar wane ce. Na'ura ba ta gyara wannan. Akwai kuma abin da ke bayan murya: ladanin masallacin unguwa da kowa ya san kiran sallarsa, injin niƙa, yaro ya shigo yana "Umman Khalifa", mai talla ta ƙwala sallama. Mai karɓar kira a gida dole ta sami ɗaki mai ƙofa, ta sa abin kunne mai waya, ta san inda madannin kashe makirfo yake.

Abin da ya fi aiki shi ne a musanya garuruwa. Layin da aka tallata a Mafara da Anka da Bakura a riƙa ɗaukar sa a Gusau, wanda aka tallata a Gusau da Bunguɗu a ɗauka a Mafara ko Ƙaura. Mai kira ma ta fi sakin jiki da wadda ba za su haɗu a gidan suna ba. Sai dai a ba kowace takardar asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da na jin daɗin jama'a na yankin da take amsawa, kada ta tura mace wurin da ba ta san nisansa ba.

Kowace ta ɗauki sunan aiki guda ta riƙe shi, kuma a faɗa wa mai kira a fili cewa a layin nan ba a amfani da sunan gaskiya, don kada ya zama yaudara. Za a yi ta jarraba su: "Ke ba 'yar gidan Alhaji wane ba ce?" Amsar ɗaya ce kullum, ko an canka ko ba a canka ba: "Ba ma maganar kanmu a wannan layin, ina jin ki." In wata rana ta ce a'a, wata rana ta yi shiru, to shirun ya zama amsa.

Malam Nura Mai Waya (Ƙauran Namoda):
Anti Luba, ƙara da wanga. Mai son gano mutum ba ya buƙatar ilmin kwamfuta. Zai shiga taron biki ko walima inda yake zargin matar tana nan, ko ya tura ƙanwarsa, ya danna lambar ya kasa kunne ya ji jakar wa za ta yi ƙara. Ko jijjiga ta yi an gani. Wayar aiki ba ta zuwa biki, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa islamiyya. Zango ya ƙare, a kashe ta a kulle a akwati.

A sa wa sim lambar sirri kuma, ba ta waya kaɗai ba. Yana cikin saitin tsaro. In an yi kuskure sau uku sai ya nemi PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo da shi, in anka yi kuskuren PUK sau goma sim ya mutu. Katin nan a ofis za a aje shi.

Hajiya Rabi (Gusau):
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. Saura maganar dare. Ba mu da mai ɗauka daga ƙarfe goma zuwa safe. A bar akwatin saƙon murya ko a kashe?

Injiniya Bashar:
Ni na fi karkata ga a kashe na kamfani. Saƙon yana zaune a na'urar kamfani ne, ba a wayarku ba, kuma abin da ke tsare shi lambar sirri ce gajera wadda yawanci ba a canza ta daga irin 0000 ko 1234. Inda kamfani ya ba da damar sauraro daga wata wayar, duk wanda ya canki lambar ya ji komai. Ba sabon abu ba ne: a Ingila jaridar News of the World ta rufe a Yuli 2011 saboda abin kunyar satar sauraron saƙonnin muryar mutane, kuma da yawa ta wannan ƙofar aka shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In dole sai an bar shi, tun 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi a duk kamfanoni, 302 ce ta sauraron saƙo. A shiga a canza lambar sirri ranar farko, kada ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar layin. Gaisuwar da mai kira za ta ji kada ɗaya daga cikin matan shida ta ɗauke ta, domin wannan ita ce muryar da mai bincike zai iya kira ya saurara sau ashirin cikin dare, ya ɗauka a wata waya ya kunna wa mutane yana tambaya ko sun san ta. A sa wani daga wata jiha ya karanta, ko a yi amfani da muryar na'ura. Ana kuma iya tsawaita ƙara kafin kira ya faɗa akwati da **61*lambar akwati**30#, daƙiƙa 30 ita ce iyaka, ana hawa biyar biyar.

Wani abin lura, in kun danna *#62# kuka ga wata baƙuwar lamba, kada hankali ya tashi a ce ana sauraron ku. Yawanci lambar akwatin saƙon kamfani ce ko ta sanar da kiran da aka rasa.

Anti Luba (Talatar Mafara):
Injiniya, a nan ban bi ka ba. Matar da ake duka ba ta samun waya sai miji ya yi barci ko ya fita sallar asuba. In ta kira ta ji layi a kashe, ba lallai ta sake samun ƙarfin hali ba. Ko ba za a karɓi saƙo ba, ta ji murya tana cewa ga lokacin da ake ɗauka, in rai na cikin haɗari a kira 112 ko a nufi asibiti mafi kusa.

Injiniya Bashar:
Na karɓa, Anti. To a raba biyu: sanarwa ta tsaya, ajiye saƙo ne abin dubawa. In za a ajiye, gaisuwar ta ce kada a faɗi cikakken suna ko unguwa, a faɗi kawai ko an yarda a kira wannan lambar da kuma wane lokaci. Mutum ɗaya ke saurare da safe daga wayar ofis, ya rubuta abin da ake buƙata, ya goge nan take. Ba a tura saƙon muryar kowa cikin zauren WhatsApp na ma'aikata.

Aminu Tsafe:
Akwai wani haɗarin akwatin saƙo da ya shafi WhatsApp. Ɓarawo zai sa lambarku a wayarsa cikin dare, ya zaɓi a kira a karanto lambar tabbatarwa mai shida. Wayarku na kashe, kiran ya faɗa akwati, ya shiga da 0000 ya saurara, ya ƙwace asusun. Hukumar tsaron intanet ta Isra'ila ta yi gargaɗi a kan wannan dabarar tun 2018. Maganinsa kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da kuma gyara akwatin.

In za a sa WhatsApp a babban layin, a wayar ofis kaɗai. Hoton fuska ya zama tambarin ƙungiya. A shiga sashen sirri a rufe ganin lokacin da aka hau da na ƙarshe, don kada a gwada shi da lokutan da wata ke hawa nata. A hana kowa jefa lambar cikin zaure. A can ƙasa akwai zaɓin kare adireshin IP, wato adireshin wayar a intanet, yayin kira, a kunna shi, yana sa kira ya bi ta na'urorin WhatsApp maimakon waya da waya kai tsaye. Amsa kuma a rubuce, ba da saƙon murya ba, don shi yana zama a wayar mutane har abada kuma ana tura shi gaba.

Amma ni har yanzu ina ganin maganin gaskiya shi ne ƙaramin tsarin musayar kira na ofis. Kwamfuta ƙarama, ko da Raspberry Pi ce, da manhajar FreePBX da ke kan Asterisk, kyauta ce. A karɓi layin SIP, wato layin kira ta intanet, daga kamfani mai lasisin NCC. Kowace mai aiki tana da lambar ciki kamar 101 ko 102 a manhajar wayarta, ba ta da wata lambar da za ta zube, in ta mayar da kira lambar ƙungiya ce ke fita ko ta so ko ba ta so ba. Har ana iya ɓoye mata lambar mai kira, kariya ta zama ta ɓangare biyu. Saƙon murya kuma yana hannunku, ku sa ya goge kansa bayan kwanakin da kuka zaɓa.

Malam Nura Mai Waya (Ƙauran Namoda):
Aminu, wa zai gyara shi ran da ya tsaya? Da wace wuta, da wane intanet? Ka manta Satumba 2021 da anka kashe sabis na jihar nan baki ɗaya? Ko yau akwai garuruwan da 2G ma da ƙyar take kamawa.

Aminu Tsafe:
Lokacin da aka kashe sabis ai ƙaramar wayar ma ba ta yi ba, Malam. Amma na yarda da sauran. Kira ɗaya yana son kusan kilobit 90 a daƙiƙa ta kowane ɓangare in da tsarin tura murya na G.711 ne, kamar 30 in da na G.729, kuma in jinkirin murya ya wuce milisakan 150 sai a fara katse juna. A 4G na cikin Gusau zai yi, a ƙauye ba zai yi ba. Yana son sola da batir, da mai kula da shi. In aka bar ƙofar 5060, wadda kiran SIP ke bi, a buɗe ga duniya da kalmar sirri mai rauni, 'yan damfara na shiga su yi ta kiran ƙasashen waje a kan kuɗinku. Ga mata shida da ke farawa, su fara da tsarin Injiniya. In kira ya yi yawa har ana samun layi a cike, sai a dawo kan wannan.

Barista Hauwa:
Ƙari a kan ajiya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma in bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su, ana sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Mafi sauƙi shi ne kada a tara abin da ba a buƙata. Kada a ɗauki kira a faifai, kuma a duba wayoyin, wasu suna da ɗaukar kira da kansu a kunne. Littafin aiki ya ɗauki lambar da aka ba kowace matsala da sunan aiki kawai. Takardar da ta haɗa sunan aiki da sunan gaskiya kwafi ɗaya ce, a hannun mutum ɗaya, a kulle. Jadawalin masu aiki ma kada a liƙa shi a bangon ofis. In aka fara kiran barazana, a rubuta rana da lokaci da lamba, shugabar ƙungiya ce za ta kai ƙara da sunan ƙungiya, ba wadda aka zaga ba. Ƙorafi kan kamfanin waya kuma, bayan an fara kai musu, layin NCC 622 ne.

Sadiq:
Na janye tawa, Barista. Amma tambaya: in mai aiki na gida, kira ya katse, kuma lallai sai an mayar, ba za ta sa #31# a gaban lambar daga wayarta ba?

Injiniya Bashar:
Kada ta dogara da shi. #31# roƙo ne ga kamfani ya ɓoye lamba a wannan kiran kaɗai, kuma ba kowane layi aka buɗe wa wannan ba. Inda ba a buɗe ba, ko kiran ya ƙi tafiya, ko ya tafi da lambar a fili, ita kuma ba ta da hanyar sani daga ɓangarenta. Ba ya ɓoye saƙon tes ko kaɗan. Ga shi a halin da ake ciki a jihar nan mutane ba sa ɗaukar ɓoyayyar lamba, wanda ya ɗauka ma da faɗuwar gaba yake ɗauka. Mayar da kira daga babban layin ofis kaɗai ake yi, kuma sai in mai kiran ta ba da izini tun a farkon magana. Shi ya sa tambayar farko bayan sallama ita ce: in ya katse, in kira ki, ko ke za ki sake kira? Sau da yawa wayar ba tata ba ce, ta miji ce ko ta maƙwabciya.

Hajiya Rabi (Gusau):
In ɗaya daga cikin matan ta bar aikin fa, ko aka daina amfani da wani layin?

Injiniya Bashar:
Ta miƙa waya da sim a ranar, a canza lambar sirrin sim da ta akwatin saƙo da ta WhatsApp, a fitar da duk na'urar da aka haɗa da asusun, a yi wa sunan aikinta ritaya kada a ba wata. Layin da aka ajiye kuma kada a bar shi ya mutu da kansa. In ya yi wata shida ba a yi wani abin kuɗi da shi ba kamfani na iya dakatar da shi, in ya ci gaba da zama haka a sayar wa wani, alhali lambar tana nan rubuce a takardun da kuka raba da wayoyin mata. Babban layin da aka tallata a riƙa sa masa kati ana yin kira ɗaya da shi duk wata, ko da ƙungiya ta tafi hutu. Ƙananan layukan da ba a taɓa tallatawa ba, in an gama da su, wakilin ƙungiya ya je ofishin kamfani ya sa a rufe su a rubuce.